Yadda Na 'Yanta Wayata

Akwai wata jama'a a duniya da ba ta yarda cewa wayar da ke aljihunka taka ce ba. A cewarsu kai ka biya kuɗi, amma makulli yana hannun kamfani. Shi ke zuba maka manhajojin da ba ka nema ba kuma ba sa goguwa, shi ke yanke ranar da zai daina sabunta wayar, sai ka nemi sabuwa ko da tsohuwar garau take. Ɗan ƙanwata mai karatun kwamfuta limami ne a wannan jama'a, kuma da ya zo mana hutu a farkon 2023, ni ya sa a gaba da wa'azi.

Yaron ya haddace tarihin magabatansu. Ya ba ni labarin Nokia N900 ta 2009 mai aiki da Linux, har muryarsa na rawa. Ya ba ni na Ubuntu Edge, wadda kamfanin Canonical ya nemi jama'a su tara dala miliyan 32 a 2013 don a ƙera ta, aka tara kusan miliyan 13, ba a ƙera ko ɗaya ba. Duk wannan ina gyangyaɗi. Inda ya same ni shi ne PinePhone ta 2020, mai dala 150. Ka ɓare marfin bayanta, ga 'yan maɓallai shida a jere, ka sa farce ka kashe kyamara ko makirufo, babu wata manhaja da za ta iya kunna su a ɓoye. Na gyara zama. Dama na daɗe ina zargin tawa da tsegumi, tun ranar da na yi wa uwargida kukan ciwon baya, washegari tallar katifa ta cika mini allo.

"Kawu, ba sai mun sayo daga waje ba," in ji shi. "Wannan ta hannunka ma za mu 'yanta ta." Za mu kori manhajar kamfani mu ɗora LineageOS, wadda 'yan sa-kai suka tayar a ƙarshen 2016 bayan rushewar CyanogenMod.

Farkon aikin daɗi gare shi. A cikin saiti akwai wani layi da ake taɓawa sau bakwai, sai wayar da kanta ta sanar da kai cewa ka zama mai haɗa manhaja. Ni da lissafin sakandare ya kusa kai ni ƙasa! Na kira uwargida ta zo ta gani, ta ce miyarta na kan wuta.

Sai buɗe butloda, makullin da ke hana baƙuwar manhaja tashi a waya. Wani dogon gargaɗi ya fito da ƙananan haruffa. "Tsoratarwa ce kawai, Kawu, danna." Na danna. Ashe da gangan aka tsara buɗe makullin nan ya share duk abin da ke cikin waya, don kada ɓarawo ya karanta sirrin mai ita. Tsari ne mai kyau ƙwarai, in dai ba a wayarka uwargida ta ajiye hotunan sunan 'yar auta ba saboda tata ta cika. Muka dubi juna. Ya ce a ci gaba, tunda an riga an jiƙe.

Layin da ke nuna tafiyar aikin ya kai tsakiya ke nan aka ɗauke wuta. Kwamfutar yaron da muke aikin da ita kuwa batirinta ya daɗe da rasuwa, da igiya take numfashi. Daga nan wayata ta shiga wani hali: ta nuna tambarin kamfani, ta mutu, ta sake nunawa, ta sake mutuwa, har asuba. A bakin masu harkar, irin wannan ta zama bulo.

Da safe sai kasuwar waya ta Farm Centre. Mai gyaran, matashi ne da tabarau a goshi, ya juya ta gaba da baya ya ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan aika-aika?" Limamina ya duƙufa kallon cajoji a teburin maƙwabta. Mai gyara ya ce filashin za a yi mata ta koma yadda kamfani ya yi ta. Na ce a'a, 'yanci muke nema. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara kuɗi.

Gaskiya ɗaya ce: da ta tashi, ban taɓa riƙe waya mai daɗinta ba. Ba talla, ba nauyi, caji ya kai ni dare. Don murna na gayyaci yayan matata cin balangu. Ku tuna lokacin ne na ƙarancin takardun naira, mai rake ma tura masa ake yi. Muka ci, na ƙara oda, ina yi wa Yaya bayanin yadda kamfanoni suka mayar da mu 'yan haya a wayoyinmu. Da aka zo biya na zaro 'yantacciya da isa. Manhajar banki ta buɗe, ta duba, ta ce wayar nan an taɓa makullinta, ta rufe kanta. Haka manhajojin banki da yawa suke, ba sa zama a wayar da aka buɗe. Na ce bari in bi ta lambar kira, sai na tuna lambar sirrin tana rubuce a cikin abin da aka share. Mai balangu ya daina yanka, ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallona. Yaya ya laluba aljihu ya fito da 'yar rakani-masai mai ɗaure da roba, ya danna, ya biya. Bai ce komai ba sai, "Allah ya ƙara ilimi."

Maganar hotuna ba ta kwana biyu a rufe ba. Sai da na bi ƙannen uwargida ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su turo nasu, kowace sai ta ji dalili tukuna, ta yi dariyarta ta ƙoshi. Ita kuwa uwargida cewa ta yi, "Baban yara, waya dai ta samu 'yanci. Naka kuma sai mun gani."

Duk da haka ina nan kan bakana, yaran nan suna da gaskiya. Kamfanin Fairphone na ƙasar Holan yana sayar da wayar da mai ita zai kwance da sukudireba ya sauya batiri ko allo, kuma a 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar batura da za ta fara matsa wa masu ƙera na'urori daga 2027. Yanzu waya biyu nake yawo da su, 'yantacciya ta alfahari da kullalliya ta banki. Duk mai tsohuwar waya a durowa, wadda babu hoton suna ko na biki a cikinta, ya aiko mini in gwada hannuna. Ta uwargida an riga an ja mini kunne a kanta.