Zuwa ga Bazazzagen da Ya Sayi Fenti da Kuɗin Inji

Kai bawana, kafintan Tudun Wadar Zariya! Ina ɗawainiyar baƙo? Labari ya iso mana Kano cewa ka je har Kaduna ka kinkimo injin tsaga katako na tebur, na hannu, a bayan a-kori-kura, ƙarti suka sauke shi a ƙofar shago suna nishi, kai kuma kana gefe kana gyara zaman hula. An ce maƙwabta sun zo sun shafa, sun ce Allah ya sa alheri. An kuma ce tun daga ranar baƙon naka bai ce uffan ba. To, Allah ya ba shi lafiya, ya buɗe masa baki.

Kada ka ɗauka sha'awar taka nake yi wa dariya. Duk kafintan da ya daɗe yana jigilar katako zuwa 'yan katako a tsaga masa, ya bi layi, ya biya kuɗin kowane yanka, ya dawo ya tarar an ci masa rabin inci, dole ransa ya biya da nasa injin. Sayen na hannu ma ba abin kunya ba ne. Tsofaffin injunan Turai masu tebur na zubabben ƙarfe, irin na Wadkin da aka kafa a Lesta ta Ingila a 1897, ko na Altendorf na Jamus, wanda mai shi ya ƙirƙiro tebur mai zamewa a 1906, da yawansu sun ga bayan masu su, suna nan suna aiki. Nauyinsu ne ke hana su rawa, rashin rawar kuma shi ne yanka miƙaƙƙe. Da tsohuwar zuma ake magani, na yarda. Amma kai ba zuma ka duba ba, ƙoƙon ka duba, ka ga an shafe shi da koren fenti yana ƙyalli, dillali ya ce maka "ɗan Jamus ne, Alhaji, jiya aka sauke shi", ka zaro kuɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne daga inda ka fito. Kullum kuna cika mana kunne da Zariya birnin ilimi. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Barewa, ga Kongo, ga zaurukan malamai a cikin birni. In aka zauna hira ba ku barin Bakano ya kai aya sai kun gyara masa karatu. Amma ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin moto, wanda bai kai tafin hannu ba, ka kasa durƙusawa ka karanta. Da ka karanta, da ka ga an rubuta volt 380, wuta mai layi uku, ƙarfin doki 5. Shagonka kuwa layi ɗaya ne ya shigo masa, mai volt 230, shi ma sai ya ga dama. Moton layi uku in ka ba shi layi ɗaya ba ya tashi da kansa, sai dai ya yi ta gurnani yana zafi har naɗin wayarsa ya ƙone. Wai da ya ƙi tashi sai ka ce sammu ne, ka aika a karɓo rubutu.

Daga nan, in ji majiyata, ka juya kan ɗan janaretanka da ko dutsen guga ka jona masa sai ya yi tari. Bari in yi maka lissafi irin na 'yan Kantin Kwari, tunda naku na jami'a bai yi rana ba. Doki 5 ya kusa kilowat 4. Moto irin wannan a lokacin tashi yana zuƙar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in ya miƙe. Janaretan da zai tashe shi ya fi ƙarfin wanda ake ɗauka da hannu ɗaya a ajiye a bakin shago. Kuma ka gode Allah ba ɗan Amurka ka kwaso ba, don su can wutar gidajensu volt 120 ce. Da ka soka shi a soket ɗinmu, da tuni ka sha ƙauri.

Zo ka zauna a ƙasa in koya maka yadda Bakano ke sayen inji. Da farko ba ya zuwa shi kaɗai, kuma ba ya zuwa da babbar riga, don dillali daga rigar yake yanka farashi. Yana tafiya da mai gyaran wuta da guntun katako mai tauri, ko maɗaci ko ƙirya, a hammata. Sharaɗinsa ɗaya ne, a kunna a gabansa. In an ce babu wuta, ya ce shi ma babu kuɗi, sai wuta ta dawo. Kafin a kunna sai ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan teburin ta tsaye, ta kwance da ta karkace, ya leƙa ko haske na wucewa ta ƙarƙashi. Ya kifa kai ya duba cikin da tocila, don zubabben ƙarfe in ya tsage ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba, sabon fenti kuma ba abin da ya iya kamar rufa wa tsaga asiri. Ya cire wuta, ya kama zarto ya girgiza hagu da dama. In ya yi wasa, ko boris ya mutu ko sandar da zarton ke kai ta lanƙwashe. Boris ƙaramin abu ne, ana samu a Ƙofar Ruwa, amma sanda in ta lanƙwashe yanka ba zai ƙara miƙewa ba sai an sake ta. Ya murza hannun ɗaga zarto da na kwantar da shi har ƙarshe, ya ji ko suna cijewa. Ya ɗaure ƙarfen da ake jingina katako, ya auna tazararsa da zarto ta gaba da ta baya, ya ga ko ɗaya ce. Ya shinshina moto, ya tambaya ko an taɓa sake masa naɗi, da jan ƙarfe ko da sanholo. Sai an gama wannan duka zai tura katakonsa, ya saurari kukan injin, sannan ya taya rabin abin da aka ce. Kai kuwa me ka gwada? An ce bugun teburin ka yi da tafi, ka ce "Kai, wannan ƙarfe ne!"

Ban manta da maganar zarton ba. Ka shiga kasuwa ka sayo sabo fil mai haƙora sittin, ka dawo ya ƙi shiga. Ramin nasa na ƙirar Amurka ne, bai wuce milimita 16 ba, sandar injinka kuma ta Turai ce, milimita 30. Na ji kana shawarar kai wa mai walda ya faɗaɗa maka ramin. Ahir ɗinka! Rami in ya kauce daga tsakiya ko da kaɗan ne, zarton zai yi ta tsalle. Mayar da shi ka sayo daidai da sandarka, kuma mai haƙora ashirin da huɗu ko kusa da haka, don shi ne na tsaga katako ta tsawo. Mai haƙora da yawa na yankan gicciye ne da filawud.

Yanzu bari in sauke murya, don wasa da kai nake, ba da yatsunka ba. Zarto mai faɗin milimita 300 da ke juyi 4,000 a minti, haƙoransa na gudun sama da kilomita 200 a awa. Da titi suka hau, da sun baro Zariya sun iso Kano kafin ka gama karin kumallo. An ce naka babu murfi, babu kuma siririn ƙarfen nan da ke tsaye a bayan zarto. Mai shi na farko ya cire ya yar, kamar yadda da yawa ke yi wai yana hana su sauri. Wannan ƙarfen shi ke hana katako matse zarto ta baya. In ya matse, haƙoran baya su ɗaga shi su wurgo maka a ciki ko a fuska, wani lokaci su ja hannunka zuwa kan zarton. Ɗanyen katako irin wanda ake sauke mana daga Kudu, wanda ke murɗewa ana cikin tsaga shi, ya fi kowane yin haka. A Amurka wani Steve Gass ya ƙirƙiro a 1999 injin da ke gane taɓin fatar mutum ya tsayar da zarto cikin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa, ana sayar da shi da sunan SawStop. Naka bai san fata ba, da yatsa da tubaitu duk katako ne a wurinsa. Sa a ƙera maka wannan ƙarfen da murfin kafin ka tura ko da sili ɗaya. Ka sassaƙa sandar turi, ka tsaya a gefen layin zarto, kada ka ɗaga shi sama da katako fiye da tsawon haƙori. Yaran shago kuma kada wanda ya taɓa injin sai kana tsaye. Na san ku da son malum-malum mai aska takwas ko gidan mai za ku, to a gaban wannan injin ka tuɓe ta ka rataye, ka naɗe hannun riga, carbi ya koma aljihu.

Mafita tana nan, sai dai duk da kuɗi. Ko ka nemi a jawo maka layi uku, ko ka sauke moton ka sa na layi ɗaya mai doki 3, wanda ya ishi aikin ƙofa da gado da kabad, ko ka sayi na'urar da ke juya layi ɗaya ya koma uku, bayan mai gyaran wuta ya tabbatar moton zai karɓa. Ka haɗa wannan da la'adar dillali, da kuɗin mota, da na 'yan dako, da boris, da bel, da rubutun da ka sha, sannan ka gaya mini ina arahar take. Sayen nagari mai da kuɗi gida, amma wannan karatun a Kurmi ake yinsa, ba a Samaru ba.

Ladan wannan nasiha ba mai yawa ba ne, tunda bawa da abin da ya mallaka duk na ubangijinsa ne. Cika-ciki na tafe, ka tanadi kuɗin sharata. Ka ɗora mini da kujerar zaure guda biyu na maɗaci, aikin farko na baƙon naka, in har ya yarda ya yi magana. In kuma ya ƙi, ka shimfiɗa masa leda ka fara sayar da tsire a kai, ni zan zo buɗe kanti, kuma ba zan biya ba.

Naka ubangida,
Bakano