Wata Ya Tsaya, Waya Ta Ce Ba Ta Gani Ba

Ranar 29 ga Sha'aban, tun kafin ladan ya gyara murya, bayan garin Babban Mutum ta yamma yakan cika da mutane iri biyu. Ga dattawa sun kafa hannu a goshi kamar kuratan soja masu sarawa. Ga samari kuma, kowanne ya ɗaga waya sama da hannu bibbiyu kamar mai neman sabis a tsakiyar daji. Dattawan jinjirin wata suke nema. Samarin kuwa abin turawa suke nema, domin a wurinsu gani bai kori ji ba sai an ɗauka, an ɗora, an samu mutum arba'in sun rubuta "Masha Allah" a ƙasa.

A kowace irin wannan tawaga akwai jagora, kuma ba ya ɓoyuwa. Galibi malamin makaranta ne ko mai shagon caji, wanda ya je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya sayo mai ido huɗu a baya, aka rantse masa cewa tana zuƙo abu ninki ɗari. Tun a mota ya gwada ta a kan wata akuya, ya ga har gemunta. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa wata ma bai fi ƙarfinsa ba.

Matsalar ita ce akuya tana bakin titi, wata kuwa yana nisan kilomita kusan 384,000. Ko ranar sha huɗu, da ya cika ya yi ɓul-ɓul, faɗin da yake ci a sama rabin digiri ne kacal. Wanda ya miƙe hannu ya ɗaga ɗan ƙaramin yatsa zai rufe shi ruf, har da saura. Ita kuwa babbar kyamarar waya tana kwaso faɗin digiri saba'in ko fiye a lokaci guda, don haka wata a cikin hotonta bai wuce ƙwayar gero a tsakiyar faifai ba. Wannan fa cikakken wata ke nan. Jinjiri na daren farko, wanda ya fi yankan farce siranta, yana kwance a cikin jan hasken faɗuwar rana, kuma mintocinsa ƙidayayyu ne kafin ya bi ta. Shi ne jagora yake son ya kama da hannu mai rawa, bayan ya sha shayi kofi uku.

Sai ya kunna filasha.

Hasken filashar waya ba ya wuce 'yan taku, amma jagora ya yi imani cewa in aka haska wata da kyau zai fito. Abin da ke fitowa shi ne ƙurar da ke yawo a gaban madubin kyamara, dunƙule-dunƙule farare masu kama da ƙwan ƙadangare. Kafin sallar isha hoton ya zaga gari, kuma an samu wanda ya tabbatar cewa mutanen ɓoye ne suka fito duban wata su ma.

Idan aka tambayi jagora ina hoton, amsarsa a shirye take: hazo ne. A nan kam yana da 'yar gaskiya, don hazon ba ƙirƙirarsa ba ce. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farin gari mai laushi kamar alli. Ƙurar nan tana ratsa Nijar, ba ta tsayawa a shingen kwastan, ba ta nuna wa kowa takarda, sai dai mutanen Baure da Zango da Daura su wayi gari su ga rana ta koma kamar farin faranti. Hazon da ke hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano ba zai ji kunyar wayar malamin firamare ba. Kuma ya fi kauri a gindin sama, daidai inda jinjirin wata yake tsayawa, saboda a can ne ido ke ratsa iska mafi yawa.

Sai dai jagora ya daɗe yana ba da uzuri, kuma uzurin yana sauya riga ne kawai. Shekarar Hijira kwana 354 ce, tana gaza ta Bature da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi yake zagaya damina da rani cikin shekara 33 ko kusa da haka. A 2011 azumi ya faɗo a Agusta, a 2013 a Yuli, lokacin laifin hadari ne. A 2024 an ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, a 2025 ranar 1 ga Maris, laifi ya koma kan hazo. A 2030 ma azumi sau biyu zai zo, a Janairu da Disamba, duka cikin hunturu, saboda haka uzurin shekaru masu zuwa ya riga ya samu tun yanzu. Da bazara zafi ne ke sa iska ta yi ta rawa, taurari su yi ta kyarma kamar masu zazzaɓi. Da kaka kuwa, a Oktoba, bayan ruwa ya wanke sama kafin ƙura ta iso, ana samun darare garau da babu abin zargi a cikinsu. A irin waɗannan darare ne jagora yake cewa cajinsa ya ƙare.

Damina ta fi kowa iya wulaƙanci. Ranar Juma'a 27 ga Yuli 2018 aka yi husufin wata mafi tsawo a wannan ƙarni, awa ɗaya da minti 43 wata yana cikin inuwar duniya ya yi jawur, daga wajen takwas da rabi na dare agogon Najeriya. An yi mako ana sanarwa a rediyo. To amma ƙarshen Yuli ne, gero na neman ruwa, kuma a duk garin da hadari ya haɗo a daren nan an samu addu'a biyu masu karo da juna: manomi yana roƙon ya zuba, mai waya yana roƙon ya watse. Abin dariyar shi ne sau da yawa mutum ɗaya ne, gonarsa na bayan gari, wayarsa na aljihu. Yara dai ba ruwansu, sun kwashe kwanukan gida da gwangwanaye suna ta kiɗa don rana ta saki wata, manya na masallaci suna sallar husufi, shi kuwa gwanin hoto yana tsakar gida ya jingina waya da turmi, ya tokare ta da takalmi, sauro na cin ƙafarsa yana tsoron motsi kada hoto ya girgiza. Uwargida ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, tuwon fa ya huce." Ya ce a ba shi minti biyu. Da gajimaren ya ɗan yaye ya danna, sai akuya ta goga jikinta da turmin.

Turmin nan, a gaskiya, ba wauta ba ce. Masu wannan sha'awa a ko'ina cikin duniya abin da suke fara nema shi ne wurin kafe kyamara don kada ta motsa. Wanda ya kafe wayarsa, ya kashe filasha, ya taɓa wata a kan gilashi ya rage haske, ya sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, zai ga abin da bai zata ba. Wata dutse ne da rana ke haskawa, amma waya tana ganin duhun da ke kewaye da shi sai ta buɗe ido iya ƙarfinta, shi ya sa yake fitowa kamar ƙwan fitila. Wannan bayani bai kai minti ɗaya ba, sai dai jagora ba ya karɓar gyara daga wanda wayarsa ido biyu gare ta.

Akwai kuma wata ni'ima da mutanen yankin suke zaune a kanta suna tsaki. A Turai da Amurka masu ɗaukar hoton taurari sukan yi tafiyar awoyi da mota don su guje wa fitilun birni su sami duhu. A Babban Mutum duhun har gida ake kawo shi, kyauta, wani lokaci mako guda ba yankewa. Garin yana kusa da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, inda ake ganin taurarin arewa da kuma da yawa daga na kudu waɗanda mutumin Landan ba zai taɓa hangowa daga gidansa ba. Ga Kaza da 'ya'yanta, ga Zara matar wata, ga Gamzaki da asuba. Tsofaffin malamai da manoma sun daɗe suna lissafin damina da taurari, kusan kowanne kwana 13, su ce yau Zira'a ta shiga, sai Nasara, sai Ɗarfa, sai Jabaha, ba tare da sun sayi data ba. Yanzu fitilun sola sun shigo, 'yan siyasa na kafa su a ƙofar gidan duk wanda ya kawo akwati, kuma ba mai ƙin haske. Illa dai jagora ya sami sabon wanda zai ɗora wa laifi, kuma ya taɓa ɗaukar ɗaya daga cikin fitilun daga nesa ya tura a matsayin wata.

Ba a ce abin ba ya yiwuwa ba. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Thierry Legault, wanda hoton sama sha'awa ce a wurinsa, ya ɗauki jinjirin wata ranar 8 ga Yuli 2013 daga wata unguwa a bayan birnin Paris, da hantsi, a daidai lokacin haihuwar watan. Amma da na'urar hangen nesa ya yi, da matatar haske ta musamman, da allon tare rana, da haɗa hotuna masu ɗimbin yawa a kwamfuta. Ido zalla kuwa, mafi ƙanƙantar jinjirin da masana suka yarda an gani ya ba awa 15 baya. Saboda haka saurayin da ya ce wayarsa ta kama na awa shida, ta cikin hazo, yana kan babur, ko dai a kai shi jami'a ko a kai wayar wurin mai gyara.

Su ma wayoyin sun koyi halin masu su. A Maris 2023 wani mutum ya dusashe hoton wata da gangan a kwamfutarsa, ya kashe fitilar ɗaki, ya ɗauki gilashin kwamfutar da wayar Samsung. Sai ga wata ya fito da ramukansa da tabbansa tsaf, abin da babu shi a hoton da aka nuna mata. Kamfanin ya yi bayani cewa wayar tana gane wata, sannan ta yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ta ƙara masa kyau. Wato ita ma ba ta gani ba, labari ta ji ta ƙawata, kamar kowane ɗan majalisar mai shayi.

Wanda duk ya rasa sai ya koma WhatsApp. Minti goma bayan magariba hoto zai faɗo: jinjiri fari tas, kauri kamar ɓarin kankana, a kan wata ƙubba mai ruwan zinariya, ga duwatsu masu ƙanƙara a baya, an rubuta "Yanzu-yanzu a Babban Mutum." Ba wanda zai tambayi yaushe garin ya yi ƙanƙara. Hoton nan ya yi azumi a Gusau bara, ya yi salla a Azare bara waccan, kuma bana ma yana nan da ƙarfinsa.

Zama a bakin iyaka yana ƙara wa miyar gishiri. Magarya ba nisa, dangi ne a kowane ɓangare, ana auratayya ana cin kasuwa tare, sama ɗaya ce a kan kowa, amma sanarwa biyu ce. A nan ana jiran fadar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, bayan labari ya bi ta hannun hakimai da sarakuna da kwamitin duban wata na ƙasa, can kuma ana jiran ta Yamai. A 2024 Nijar ta yi ƙaramar salla ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya ta yi ranar Laraba. Hukuncin wannan na malamai ne, mai rubutun raha ba ya sa baki. Abin da ya shafe shi shi ne mutumin da a duk shekara yake bin sanarwar da ta fi jinkirta ɗaukar azumi, sannan ya bi wadda ta fi gaggauta ajiye shi, ya ce shi ɗan ƙasa biyu ne, kakarsa ta wajen uwa 'yar Damagaram ce.

Duhu ya rufa, tawaga ta watse, jagora ya koma gida da hoto sittin da uku, duka launin kunun kanwa. Ya tarar da kakarsa a bakin turke tana ɗaure awaki, tsohuwar da ko zare ba ta iya zurawa a allura sai an taya ta.

Ya ce, "Tsohuwa, bana kam hazo ya hana. Ba wanda ya gani."

Ta ce, "Wane hazo, maigidan? Ga shi can na gani a kan tsamiyar gidan liman, ƙahonsa na duban Gobir. Na daɗe ina kallonsa kafin ya faɗa."

"Kin ɗauka?"

"In ɗauka in kai shi ina?"

Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai yana latsa waya, ko Sakkwato ta yi magana. Tsohuwa ta wuce madafa ta jiƙa geron sahur.