Kuɗin Goro a Bakin Teku: Shawara ga Alhajin Birnin Gwari

Alhaji, labari ya iso ni. An ce tun da kasuwar shanun Birnin Gwari ta dawo ci a ƙarshen 2024 hannunka ya yi maiƙo, har kana sa yara su nuna maka a waya irin otal ɗin nan na bakin teku, inda ake biya sau ɗaya a ci a sha a kwanta, kuma ba a shiga da yara. Madalla. Da yake ni taubashinka ne, ina da izinin faɗa maka abin da 'yan fada ba za su faɗa ba, don haka saurara kafin ka ɗaga bijimi na uku.

Da farko ka yarda cewa ba mu da teku. Muna da Kogin Mariga, wanda ya raba dajinmu da na Kwiambana a Zamfara, muna da ruwan da ke kwararowa a Dogon Ruwa, muna da Goron Dutse, ga remaye a Tsaunin Rema. Tun 1936 hukumar En'e ta keɓe dajin namu na Kamuku, a 1999 kuma gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120. Wurin shaƙatawa ne a ƙofar gidanka, kuma tun da aka haife ka ba ka taɓa zuwa kallo ba. A shekarun baya-bayan nan kana da hujja, kowa ya san waɗanda suka tare a ciki, ba su kuma yi kama da masu tarbar baƙi ba. Kafin nan kuwa lalaci ne kawai.

Tsarin da kake sha'awa, a harshenmu, kuɗin goro ne. Wani mutumin Beljiyam, Gérard Blitz, shi ya fara shi a 1950 a tsibirin Mayorka na Sifen, da sunan Club Med, kuma baƙinsa na farko a tantuna suka kwana. Wato asalin abin ruga ce, daga baya aka sa mata tayil. Idan ka biya, za a ɗaura maka wata roba a wuyan hannu, kamar yadda ake yi wa dabba shaida. Kada ka tsinke ta ka ce ai kai ba mace ba ce da za ka sa awarwaro, domin ita ce takardar cin abincinka.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Wani kaso mai tsoka na wannan kuɗin goro na giya ne. Kai da ba ka sha, kai ne za ka biya wa Baturen da ya kwana a gindin kanta tun azahar. Hanya biyu gare ka. Ko dai ka ɗaura ɗamarar fanshe kuɗinka da lemon kwalba da ruwan kwakwa, abin da likitanka da ya hana ka sukari ba zai so ji ba, ko kuma ka nemi otal ɗin da ba a sayar da giya sam. Akwai irinsu a gaɓar Antalya ta Turkiyya, da masallaci a ciki da wurin wankan mata daban. Matsalarsu ɗaya, yawanci iyalai ke cika su, ka gudu daga 'ya'yanka goma sha ɗaya ka je ka tarar da na wasu ɗari biyu. Kuma ka sa a karanta maka ƙananan rubutun nan na ƙasan takarda, domin "komai" ɗin nasu sau da yawa ba ya haɗa da tausa, da yawo a kwalekwale, da wankin kaya, wani lokaci har da motar ɗauko ka daga filin jirgi.

Batun "na manya kaɗai" kuwa, kada kanka ya kumbura. Ba manyan gari ake nufi ba. Ɗan shekara 18, wani wurin ma 16, babba ne a wajensu, ko da sisi bai taɓa nema da guminsa ba. Ba wanda zai ce maka ranka ya daɗe. Wasu otal ɗin sun ma fi haka tsanani, irin su Sandals da aka buɗe a Jamaika a 1981, waɗanda aka gina don mutum biyu, biyu rak. A nan ne nake tausaya maka. Takardar da za ka cike gurbin mace ɗaya gare ta. Idan ka tafi da Hajiya Babba, amarya za ta lissafa kwana bakwai ɗin nan, kuma ba za ta yarda a rama mata su a Birnin Gwari ba, sai an kai ta inda aka kai waccan. Idan ka ɗauki amarya, Allah Ya jiƙan zaman lafiya. Saboda haka duk farashin da ka gani a waya, ka ninka shi biyu tun daga gida, ka ƙara kuɗin atamfar ban haƙuri.

Wace teku? Legas ta fi kusa, amma igiyar Atlantika ba ta wasa da ɗan tudu, kuma Bar Beach da kake jin labari tun kana yaro an cike ta da yashi an gina Eko Atlantic. Sharm El Sheikh ta Masar tana bakin Bahar Maliya, ruwan da ka riga ka gani a Jidda kyauta. Tsibiran Maldibs suna da kyau, amma tudunsu mafi tsawo bai kai mita 3 ba, kuma mutumin da ya saba jingina da dutse ba zai yi barci a ƙasar da ko jimina ta kusa fin ta tsayi ba.

Ni Zanzibar nake ba ka shawara. Jirgin Habasha zai ɗauke ka daga Kano ko Abuja, ka sauya a Addis Ababa, ka riƙe katin rigakafin shawara. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, za ka ji kiran salla, ga Alhamis ɗinsu Alhamisi, asubarsu asubuhi, labarinsu habari. Har tuwon masara suna yi, suna ce masa ugali, kuka da daddawa ne dai babu. Amma kada ka je tsakanin Maris da Mayu, lokacin damunarsu ce mai ƙarfi, shi ya sa ma farashi ke faɗuwa, kuma ka san abin da aka ce game da araha. Sannan ka tambayi gefen da otal ɗin yake. A gabashi, wajen Paje da Jambiani, teku na janyewa sau biyu a yini, ta yi nisa ƙwarai. Ka fito da safe da tawul a kafaɗa ka tarar da fili fetal, mata na noman ciyawar ruwa, ka koma ofis kana rantsuwa an damfare ka. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan ya fi zama wuri ɗaya.

Kayan tafiya: buta. Na sake faɗa, buta. Ɗakin da ake biyan kuɗin sa guda a kwana yana da madubi huɗu da tawul takwas, amma ba lalle a samu abin da ko tashar motar Buruku ba ta rasa ba. Sai yaji a ƙaramin kwalba, don ranar da aka ajiye maka wata halitta mai hannu takwas a faranti aka ce ita ce abincin alfarma. A wajen ɗebi-da-kanka ka riƙa tambayar wane nama ne kafin ka kai cokali. Babbar riga kuma ka bar ta a ɗaki, iskar teku za ta mai da kai lema. Idanunka ma ka koya musu kallon yashi, domin suturar mutanen wurin duka ba ta kai hularka yadi ba.

Akwai wata al'ada da za ka ci riba a kanta. Turawa kan tashi da sassafe su shimfiɗa tawul a kan gadajen bakin ruwa don kama wuri, har faɗa ake yi. Kai da ka saba sahun farko a sallar asuba, kafin su farka ka kama inuwa mafi kyau, ka yi lazimi, ka sha shayi.

Daren farko ba za ka yi barci ba, na sani. Za ka ji rugugi daga nesa, ka miƙe zaune kana ƙirga babura, hannunka na laluben takalmi. Igiyar ruwa ce, Alhaji. Idan kuma aka harba wasan wuta don bikin wasu amare, kada ka ja Hajiya ƙarƙashin gado. Zuwa dare na uku jikinka zai saki, ka yi irin barcin da rabonka da shi tun kafin hanyar Kaduna ta lalace, har a buga maka ƙofa a ce an kusa kwashe karin kumallo.

Tsarabata kuwa kanumfari nake so, can ake noma shi. In kuma rikicin wadda za a tafi da ita ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, fasfo ɗina bai ƙare ba, kuma na iya riƙe buta.