Alkawarina Yana Kwance a Littafin Firistoci

Har ƙarshen bara, duk wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki nawa zai tarar da wata tsohuwar takardar kuɗin wuta maƙale a Littafin Firistoci, sura ta 13. A nan aka binne alkawarin bara. Na bara waccan ma yana gefensa, har kabarin ya fara shafewa.

Laifin daren 31 ga Disamba ne. Ka san yadda majami'a take cika maƙil a wannan dare, har da 'yan'uwan da rabon benci da ganinsu tun Ista. Hunturu yana kaɗawa, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, Zumuntar Mata sun saki tulu da ganga, zuciya ta yi laushi kamar tuwon da aka ɗumama. Sha biyu saura minti biyar sai Baba Fasto ya ce kowa ya rufe ido ya yi magana da Ubangijinsa. To, a cikin minti biyar ɗin nan ne mutumin da bai iya tashi sujadar safe ba yake ɗaukar wa kansa kayan da jaki uku ba za su ɗauka ba.

Nawa kayan bai taɓa canzawa ba: zan karanta Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango. Lissafin ma ba wuya. Littattafai 66, surori 1,189. Sura uku kullum, biyar ran Lahadi, kafin shekara ta ƙare ka sauke. Ranar 1 ga Janairu nakan karanta goma don zumuɗi. Farawa kuwa akwai daɗi: ga jirgin Nuhu, ga Yakubu yana yi wa wansa wayo da farfesun wake, ga Yusufu da 'yan'uwansa. Fitowa ma ba laifi, a raba teku a wuce, ko da yake daga inda aka fara auna labule da katakon alfarwa nakan ji ido ya soma yaji. Surori 90 ke nan. Sai Fabrairu ta kama, sai Firistoci. Hadaya ta ƙonawa, hadaya ta gari, kitsen da ke kan ƙoda. In daure in daure har sura ta 13, inda firist yake duba tabon fata, ko gashin wurin ya yi fari, ko a kulle mutum kwana bakwai a sake dubawa. Ayoyi 59. Nan nake cewa bari in ɗan huta, gobe na ci gaba. Goben kuwa ba ta wayewa.

Wani lokaci nakan tuna su Dokta Miller na Wusasa da abokan aikinsa, waɗanda suka yi ta fama har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Su sai da suka nemo wa kowane tabo sunansa. Ni da aka dafa aka zuba mini a akushi, sa hannu ya gagare ni.

Abin da ke sanyaya mini rai shi ne ba ni kaɗai ba ne a maƙabartar. Akwai maƙwabcinmu da yake rabuwa da burkutu duk shekara, rabuwa ta har abada, da hawaye, a gaban jama'a. Ranar 3 ga wata za ka gamu da shi yana fitowa daga lungun nan, ya ce maka ya je yi musu bankwana ne, ai ba a barin mutane haka kawai ba sallama. Akwai mamanmu da ta yi alkawarin daina gulma, kuma tsakani da Allah ta daina. Yanzu sai dai ta matso kusa ta ce, "Mu sa wance a addu'a." Ka ce me ya faru? Ta ce ita fa ba ta son magana, amma don addu'ar ta tafi daidai, gara ka ji daga tushe. Sai an yi minti arba'in ana shimfiɗar addu'a, a tashi ba a yi ta ba.

Masu alkawarin zuwa sujada da wuri su ne suka fi ba ni tausayi. Lahadin farko suna wurin kafin mai buɗe ƙofa. Lahadi ta uku sai an fara wa'azi. Zuwa Maris sun koma lokacinsu na gado, wato daidai bayan kwanon baiko ya wuce, kamar da agogo suke auna shi.

An ce John Wesley ne ya fara sujadar sabunta alkawari da mutanensa a Landan a 1755, kuma har yau 'yan Methodist suna yinta a farkon shekara. Ka lura da kalmar: sabuntawa. Dattijon ya san halinmu. Bitrus ma da ya bugi ƙirji da daddare, alkawarinsa bai kai carar zakara ba, kuma ba a kore shi daga aiki ba. Nakan kawo wannan hujja a gida, sai uwargida ta ce Bitrus dai ya fita ya yi kuka mai zafi, kai kuwa ƙwallo ka kunna.

Bana na canza dabara. Tunda Farawa da Fitowa sun sha karatu har sau bakwai, sai na fara daga inda na faɗi. Ranar 1 ga Janairu na zauna da shayi, na buɗe sura ta 13, na bi firist tabo bayan tabo har aya ta ƙarshe. Na ɗaga takardar nan sama ina nuna wa mutanen gida cewa yau ta bar wurin da ta shekara.

Uwargida ta karɓa, ta juya ta, ta ƙura mata ido.

"Baban yara, wannan ba ita ce muka kwana biyu muna nema ba, har aka yanke mana wuta a Fabrairun bara?"