Bakano da filin Allah-ya-ba-ku

Alhajin Kanawa, bawana, an ce yanzu tsofaffin littattafan Amurkawa kake kwana karantawa, irin masu bangon da ya ci ƙura, na mahaya dawaki da keken shanu ana nausawa yamma. Wai tarihi kake so. Haba Alhaji! Yaushe Bakano ya fara son abin da ba a sayarwa?

Mu Zazzagawa mun san abin da ya kama ka. Farashi ne. Ka ji Amurka ta sayi Luwiziyana daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, ƙasarta ta kusa ninkawa, sai yawunka ya tsinke. Da aka zo kan Alaska, wadda Rasha ta sallama a 1867 kan miliyan 7.2, an ce har la'adar dillali ka lissafa.

Wanda ya gama da kai shi ne littafin Cimarron na Edna Ferber. Ranar 22 ga Afrilu 1889, da rana ta take tsaka, aka ba da alama a Okalahoma, dubban mutane suka zabura a kan dawaki da kekuna, wanda ya riga kafa turke ya samu eka 160. Ba ciniki, ba shaidar mai unguwa. Jarumin littafin, Yancey Cravat, ya tsaya taimakon wata budurwa da dokinta ya karye, ita kuwa ta haye nasa ta kame filin da yake hari. Nan ne kaɗai ka ji haushin labarin, ka ce da Bakano ne da bai ko waiwaya ba. Wannan kam na yarda.

Ban raina daɗin littattafan nan ba. Akwai sarari, akwai ƙura da sukuwa, talaka ya tashi ba ko anini ya kwana da gona. Amma filin nan na Okalahoma na ƙabilun Kirik da Seminol ne, waɗanda aka kora can daga gabas bayan wata doka ta 1830, sannan aka sake karɓe shi a hannunsu. Ferber ma ba ta ɓoye zaluncin da aka yi wa 'yan ƙasar ba, kai ne ke tsallake shafukan, don ba a ambaci kuɗi a cikinsu ba.

Af, wannan kangon namu na Tudun Wada da na ga kana zagayawa ranar suna, yana da masu shi, kuma suna da takarda. Ka mai da turkenka mota.