Mulkin Dutsen Guga

A gidaje da dama na Kano da Kaduna, dutsen guga ne ke yanke lokacin barci. Ƙarfe biyun dare fanka ta fara juyawa, sai ka ji an ce "an kawo Nepa!", duk da cewa tun 2005 aka sauya wa hukumar suna, aka kuma sayar da kamfanoninta a 2013. Bakin jama'a dai bai samu labari ba. Nan take mai gida, wanda kiran asuba ba ya tayarwa sai da daga, zai diro daga gado da gajeren wando ya riga kowa kama soket. Uwargida na biye da kayan makarantar yara.

Gaggawar tana da dalili. Dutsen lantarki yakan ja wat 1,000 ko fiye, ƙaramin janareton tsakar gida kuwa da an jona masa sai ya yi tari ya mutu. Masu mitar kati ma sun san shi sarai, shi ya sa wasu ke kwasar kayansu su kai ziyarar zumunci gidan da ba a sa mita ba.

Saboda haka tsohon dutsen gawayi, mai ɗan zakara a murfi, bai yi ritaya ba. Mai wanki da guga zai cika shi da garwashi, ya yi ta lilo da shi har ya ruru, ya guntsi ruwa ya fesa wa shaddar Alhaji da baki, abin da Alhaji ba zai yafe wa kowa ba a duniya in yana cikin rigar. In tartsatsi ya faɗo ya huda gezna, amsa a shirye take: "Ranka ya daɗe, ai daidai wurin aiki ne, ba mai lura."

Duk wannan wahala saboda kari ne. Ranar Juma'a saurayi zai fito cikin yadin da ya sha sitaci har yana iya tsayuwa ba mai shi a ciki, hannuwa a buɗe, wuya a sanƙare, gaisuwa daga nesa. Sai A Daidaita Sahu ta tsaya, a cusa shi tsakanin mutum uku da buhun albasa.

'Yan mata kuma sun kai yaƙin kan gashi. Jajibirin biki, ana tsefe kitso sai a ɗauko ƙarfen miƙar da gashi. Wadda ba ta da shi takan kwantar da kai a kan tebur ƙawa ta bi da dutsen tufafi. Ƙauri ya cika gida, Inna ta leƙo tana tambayar wa ke babbakar kai da ƙafa. Bayan awa biyu a ɗaura ɗankwali a rufe aikin ruf.

Har kuɗi ba su tsira ba. Wanda bai samu sababbi ba don liƙi ko barka da Sallah yakan goge tsofaffin su miƙe. Dabarar tana ci a kan ɗari biyu da ɗari biyar. Amma daga naira 5 zuwa naira 50 na leda ne, kuma duk shekara sai an samu mai wayon da zai wuni yana kankare murtala daga gindin dutse.