Yadda Ake Gwada Manhaja Ba Tare da An Gano Aibinta Ba

Malam Injiniya. Ka shafe watanni a East Legon cikin sanyin esi kana ƙera manhajar da za ta raba 'yan kasuwar arewacin Ghana da littafin bashi: ta riƙe musu lissafin kaya, ta karɓi kuɗin waya na MoMo, ta tuna wa wanda ake bi abin da ake bin sa. Saura abin da ku masana kuke kira gwajin beta, wato a damƙa ta hannun wasu 'yan tsiraru su taɓa kafin a sake ta ga duniya. Wannan mataki akwai haɗari a cikinsa, domin a nan ne ake iya gano cewa abin ba ya aiki. Da ɗan lura kuwa za ka tsallake shi da mutuncinka.

Asirin duka yana wurin zaɓen masu gwaji. Tun Nuwamban 2023 Google ya gindaya wa sababbin masu ɗora manhaja da sunan kansu a Play Store sharaɗi: sai mutum 20 sun riƙe ta kwana 14 a jere kafin a ba da izinin fitarwa. Daga baya aka sassauta zuwa mutum 12. Sha biyu ai ba abin tayar da hankalin ɗan zango ba ne. Ka leƙa Nima ko Madina ka tattaro naka: ƙannenka, abokan ƙwallo, ɗan gwaggonka da ke jiran ka samo masa aiki, da yarinyar da kake nema. Babu wanda ya taɓa sayar da ko ƙwayar albasa a cikinsu, kuma wannan ita ce cancantarsu. Tambayarsu ko manhaja ta yi, kamar tambayar uwar amarya ne ko 'yarta ta iya tuwo. In kana son burge masu zuba jari, ka ce ka fara da TestFlight na Apple mai ɗaukar masu gwaji har 10,000. Ba dole ba ne ka ambata cewa a kasuwar da ka nufa Tecno da itel da Infinix ne ke sarauta, kuma rabinsu fuskarsu a tsage take.

Wani zai ba ka shawarar ka kai ta Gambaga. Ka rubuta sunansa cikin maƙiyanka. Daga Accra zuwa Tamale kaɗai sama da kilomita 600 ne, daga nan ka miƙe Walewale, ka karya gabas ta Langbinsi, sannan ka iso garin, kimanin kilomita 8 kafin Nalerigu, fadar Nayiri, babban sarkin yankin, kuma hedkwatar Yankin Arewa maso Gabas da aka ƙirƙiro bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamban 2018. Turawan mulkin mallaka ma da suka kafa hedkwatarsu ta arewa a Gambaga, a 1907 suka tattara komatsansu suka koma Tamale. Amma ba nisan ne abin tsoro ba, mutanen ne. Ta nan ayarin fatake suka riƙa bi daga Bawku su gangara Salaga neman goro. Jikokin waɗanda suka riƙe lissafin goro da kanwa da shanu a ka daga Kano har Gonja, ba su ne za ka ruɗa da maɓalli mai launin shuɗi ba.

To, a ce ƙaddara ta kai ka. Magajiyar kasuwa za ta haɗa ka da wata Hajiya mai hatsi da kaɗanya. Kada ka yarda ta yi gwajin da wayarta. Ka miƙa mata taka. In ka yi sake ta zaro tata daga bakin zane, ga abin da zai biyo baya. Wayar za ta ce babu wuri, domin cike take da bidiyon biki da wa'azi da saƙon murya na shekara biyu. Za a kira jikanta ya goge wasu, a yi gardamar wanne za a goge, a tsaya kan cewa ba za a taɓa walimar saukar karatu ba. Manhaja ta sauka da ƙyar, sai ta nemi imel. Hajiya ta dubi jikan, jikan ya dube ka. A wuce nan, ta nemi adireshi, irin lambar GhanaPost GPS da aka fito da ita a 2017. Hajiya ta ce a rubuta bayan masallacin Juma'a, gidan da ke da darbejiya. Sai ta sa babban yatsanta mai sheƙin man kaɗe ta danna maɓallin da ka yi wa girman ƙwayar gero, ya ƙi, ta sake dannawa sau uku, manhaja ta rubuta ciniki huɗu. Duk wannan kafin a sayar da komai.

Sai batun kuɗi, inda za ka fi buƙatar kawar da kai. A Yulin 2007 Ghana ta yanke sifili huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya. A takarda an gama magana tun lokacin. A bakin manya kuwa har gobe sidi 100 sunansa miliyan ɗaya. Hajiya za ta ce Alhaji mai motar kaya ya karɓi masara ta miliyan biyar, jikan ya tsaya tsakani da Allah ya rubuta biyar da sifili shida. Manhajarka, da yake ba ta da kunya, za ta taya ta murna da hoton kofi, ta sanar da ita cewa ribarta ta wata ta isa sayen tirela. Ka ɗauki hoton wannan shafin. Shi za ka nuna wa masu zuba jari a matsayin shaidar bunƙasar ciniki.

Ka tsaya kai da fata a kan kilo. Kilo ne ma'aunin masu ilimi, kuma shi kaɗai ka tanada. Cewa a nan da kwano ake awo, kuma kwano iri-iri ne, akwai mai tozo, akwai shafaffe, akwai wanda aka ɗan bubbuga gindinsa ya shige ciki, wannan matsalar kasuwa ce, ba taka ba. Haka buhun da aka ɗinka wa ƙarin baki har ya fi ɗan'uwansa tsawo, amma duka sunansu buhu. A Salaga da Yendi doya ɗari-ɗari ake cinikinta, ɗarin kuma ba safai take tsayawa a ɗari cif ba. Gyara fa? Wannan ɗan tafin hannu da ake ƙara wa mai saye bayan an gama awo, wanda shi ne ke dawo da shi gobe, ba shi da gurbi a manhajarka. In kaya suka ƙi daidaita da lissafi a ƙarshen yini, manhaja ta nuna jan rubutu cewa akwai ɓarna, Hajiya ta fara kallon yarinyar da ke taya ta awo da wani irin ido. Ka kira wannan tsarin gano almundahana.

Rahotonka na mako-mako ma ka bar shi yadda yake, Litinin zuwa Lahadi. Kasuwar Bawku da ta Bolgatanga duk bayan kwana uku suke ci, ta Tamale duk bayan kwana shida, don haka a Bawku da Bolgatanga wani makon kasuwa biyu, wani uku, kuma ranar ba ta zama wuri ɗaya. Jadawalinka zai riƙa hawa da sauka ba dalili. Ka ce basirar na'ura ce ke nazari.

Yanzu ga abin alfaharinka, wato tunatarwar bashi ta kai tsaye. Ka tsara cewa duk wanda ya kwana bakwai bai biya ba, saƙo ya tafi wayarsa da sunansa da adadin kuɗin. Ina roƙonka kada ka tambayi kowa a Gambaga ra'ayinsa kan wannan kafin ka kunna. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane bashi ake tambaya ba, kuma wanda ake tambaya ma akwai yadda ake yi. Akwai na malamin makaranta, da ake jira har albashi ya shigo. Akwai na manomi, da ba a ɗaga maganarsa sai kaka. Akwai na suruki, wanda ake rubutawa don dai a san inda hatsi ya tafi, ba don ana sa ran ganinsa ba. Akwai na matar da mijinta ya rasu bara, wanda Hajiya ta riga ta yafe a zuciyarta amma ba za ta faɗa ba don kada matar ta daina zuwa. Idan lokacin tambaya ya yi, ba a cewa a biya. Yarinya ake aikawa da gaisuwa, ta ce Hajiya na gaishe ku, ta ce a tambayi jikin Baba. Mai gida ya gane, washegari ya aiko da rabi.

Manhajarka ba ta san gaisuwa ba. Ranar Juma'a da hantsi za ta aika wa mutum arba'in saƙo iri ɗaya cikin Turanci, har da na'ibin liman da surukin. Da yake yawancinsu sai an karanta musu, kowanne zai miƙa wa ɗansa ko maƙwabcinsa waya, a karanta da ƙarfi a ƙofar gida. Kuma da yake Alhassan shida ne a littafin, manhaja kuwa ta haɗe su wuri ɗaya saboda sunan iri ɗaya ne, wanda ya ci kwano biyu zai sami lissafin buhu tara. Kafin la'asar an kai maganar gaban Sarkin Zango. A rahotonka sai ka rubuta cewa saƙonni sun isa ga kashi ɗari bisa ɗari na abokan ciniki, kuma an samu martani nan take. Ba ƙarya ka yi ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012 kuwa, ka bar wa lauya ya karanta bayan an ƙaddamar.

Kada ka ɓata lokaci wajen koya wa manhaja aiki ba intanet. Sabis na nan, sai dai yana da wuraren da ya fi so, kuma cikin rumfar kwano ba ya cikinsu. In ya ɗauke ana tsakiyar biya, saƙon amincewa na MoMo ya ƙi fitowa, mai saye zai danna *170# ya shiga lalube, layi ya taru, daga ƙarshe ya zaro takardar kuɗi ya miƙa, saƙon kuma ya iso bayan ya kai gida. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Accra ma ta ɗanɗana wannan na 'yan kwanaki, amma an manta, kai ma ka manta. Ka kuma sa manhaja ta nemi lambar sirri tun a shafin farko. MTN ta fara MoMo a Ghana tun 2009, kuma an daɗe ana yi wa mutane gargaɗin kada su ba kowa lambar nan saboda 'yan damfara, don haka za a karɓe ka da irin kallon da ya dace. Harajin tura kuɗi ma ka kafe adadinsa a cikin manhaja yadda ba ya canzuwa: an fara shi da kashi 1.5 a Mayun 2022, ya koma kashi 1 a Janairun 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi. In wutar NEDCo ta tafi, manhajarka kuma ta shanye batir kafin azahar a zafin Maris, ai ka samar wa mai cajin waya na bakin tasha aiki.

Sauran garuruwan ka wuce su da sauri, gilashi a rufe. A Bawku mai albasa zai tambaye ka inda ake rubuta sefa, domin rabin masu sayensa daga Togo da Burkina Faso suke. A Yendi za a ce ta yi magana da Dagbanci, a Gambaga da Mampurulanci, kuma ta yi da murya, don ba kowa ke son karatu a rana ba. Hausar da ka sa na'ura ta fassara maka, ko a Kano sai an yi mata tafsiri, balle a zango. A Salaga, garin da yaƙin 1892 ya tarwatsa kasuwarsa, za ka iya haɗuwa da dattijon da ke rubuta bashinsa da ajami, ya nemi ya sa sunayen mutanensa haka. Manhaja za ta mayar masa da akwatuna da alamun tambaya.

Wajen tattara ra'ayi, ka yi tambayar da kanka, a tsaye, gaban jama'a, bayan ka raba riguna masu tambarin kamfani da kuɗin data. Ka ce, "Hajiya, yaya kika gan ta?" Za ta ce, "Alhamdulillahi, ɗana, ta yi kyau, Allah ya yi albarka." Ka rubuta tauraro biyar. Ba a kunyata baƙon da ya taso tun daga Accra, musamman wanda ya zo da riga. Abu ɗaya ne za ka kiyaye: kada ka zauna. In ka zauna kan benci har kasuwa ta watse, idonka zai kai ƙarƙashin tebur, ka ga littafin makarantar nan mai lanƙwasasshen bango da biro ɗaure da zare, ka ga ana buɗe shi duk bayan ciniki, wayar kuwa an kife ta an danne bakin buhu da ita. Kada kuma ka koma bayan sati biyu ba sanarwa. Jikan ya riga ya goge manhajar tun ranar da aka yi wani bikin.

Daga nan sai ƙaddamarwa. Ka kama zaure a otal a Accra, ka sa hoton Hajiya da rigar kamfani a babban allo, tana murmushi da wayarka a hannu. In bayan wata uku alƙaluma suka nuna babu mai buɗe manhajar daga Walewale zuwa Nakpanduri, ka ce arewa ba ta shirya ba tukuna, ka ɗora sauran laifin kan sabis. Sannan ka zauna ka rubuta takardar neman sabon jari don faɗaɗawa zuwa ƙasashen maƙwabta. Cinkassé ba ta da nisa da Bawku, kuma can da Faransanci za a ce maka ta yi kyau.